Jagororin Hanyar Gaɓar Teku daga Butre zuwa Cape Three Points: Abin da Mutumin Zariya Zai Samu a Hannunsu

A kudu maso yammacin ƙasar Gana, a yankin mutanen Ahanta, akwai jerin ƙauyukan masunta da ke kwance a bakin teku, kuma tsakanin kowane ƙauye da na gaba da shi akwai hanyar ƙafa da ke ratsa rairayi da duwatsu da gonaki da ragowar kurmi. Samarin waɗannan ƙauyuka sun mayar da rakiyar baƙi a kan wannan hanya sana'a. Ba su da ofishi kuma ba su da allon suna, ta hannun ƙananan masaukan da ke bakin ruwa ake samunsu, sannan a kammala magana da su ta WhatsApp. Aikinsu nake son in auna a nan, saboda 'yan uwanmu na Zariya masu sha'awar tafiyar ƙasa, waɗanda ke haɗuwa a gindin dutsen Kufena da sanyin safiyar Asabar, sun yi ta tambaya ko ya dace mutum ya ɗauki kuɗinsa ya ba su. Amsata ita ce ya dace, amma da sharuɗɗa, kuma wajibi ne mutum ya san tun farko abin da yake saye. Abin da ke hannun waɗannan samari mai daraja shi ne sanin halin teku da sanin hanya. Sauran abubuwan da suka shafi jin daɗi da kariya, mai tafiya ne zai tsaya a kansu da kansa.

Isa wurin ba ya cikin aikinsu, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Mai fita daga Zariya ta mota zai sauka Legas, ya ƙetare iyakar Seme zuwa Kwatano, ya wuce Lome, ya shiga Gana ta Aflao, daga nan sai Akra, sai Takoradi da ke yamma da ita da nisan fiye da kilomita 200. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma, amma ana neman fasfo da katin allurar shawara. Daga Takoradi ana shiga ƙaramar mota zuwa Agona Nkwanta, hedikwatar Ahanta ta Yamma, inda hanyoyin ƙauyukan bakin teku ke rabuwa. A nan ne jagoranmu ya tarye mu, kuma ya zo a kan lokacin da aka yi alkawari. Sai dai a tuna cewa agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya.

Tafiyar ta fara ne daga Butre, ƙaramin ƙauye da ke matse tsakanin tudu da bakin kogi, inda ake haye ruwa ta kan doguwar gadar katako. Daga Butre aka nufi yamma zuwa Busua, tazarar kamar kilomita 3, sannan aka haura tudu aka gangara Dixcove, daga nan hanya ta miƙe zuwa Akwidaa, ta ƙare a Cape Three Points, wato ƙurewar ƙasar Gana ta kudu. Wanda ya saba hawan Kufena ba zai ga wani tudu da zai razana shi a nan ba. Wahalar wannan hanya a ƙarƙashin ƙafa take: rairayi mai laushi da ke cinye ƙarfin gwiwa, da duwatsu masu santsi da ruwa ke wankewa kullum, da bakunan ƙananan koguna da ake shiga a ƙetare da ƙafa.

A nan ne darajar jagoran ta bayyana, kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya ya fahimta, domin abu ne da mu mutanen tudu ba mu taso da saninsa ba. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowane yini da dare, tsakanin cika da janyewa akwai kamar awa 6, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana saboda yana bin tafiyar wata. A farkon wata da kuma daren sha huɗu da sha biyar, cikar takan fi yawa, janyewar ma takan fi nisa. Ma'anar wannan ga mai tafiya ita ce, wurin da aka bi da hantsi ƙafa a bushe yana iya zama ƙarƙashin ruwa bayan azahar, kuma bakin kogin da ya tsaya a idon sawu yana iya kaiwa ƙugu da ƙarfin da zai ja babban mutum. Jagoranmu ya tsara kowace fita bisa wannan lissafi. Akwai safiyar da ya hana mu tashi da wuri duk da mun shirya tun bayan asuba, akwai kuma ranar da ya katse mana hutu muna tsakiyar shan ruwan kwakwa, ya ce idan ba a wuce wani lungun dutse kafin wani lokaci ba, to sai an zaga ta cikin gonaki, tafiyar da za ta ninka. Babban cikinmu, dattijo ne mai son a yi abu a gama, ya taɓa sa ƙafa zai shiga wani bakin kogi da ya ga kamar ba shi da zurfi, sai mataimakin jagoran, wani saurayi ɗan zangon Takoradi mai jin Hausa, ya riƙe masa hannu cikin ladabi ya ce, "Baba Alhaji, a dakata tukuna, ruwan bai sauka ba." Muka zauna a inuwa har ya sauka, muka haye ba tare da ko jaka ɗaya ta jiƙe ba. Ban ga jagoran ya dogara da waya kaɗai a wannan lissafi ba. Yakan dubi alamar da ruwa ya bari a jikin dutse, da inda masunta suka ja kwalekwalensu suka ajiye, sannan ya yanke shawara, kuma a duk tsawon tafiyar shawararsa ba ta saɓa ba.

Haka nan ya yi tsayin daka a kan maganar wanka. Gaɓar Gana tana da raƙuman ruwa masu ƙarfi, kuma a wurare da yawa akwai wata igiyar ruwa da ke komawa cikin teku da ƙarfi, wadda ke ɗauke mutum daga inda yake tsaye ta yi nisa da shi cikin ɗan lokaci. Wanda ya koyi iyo a Kubanni ko Galma bai san wannan ba, domin ruwan kogi gefe ɗaya yake tafiya. Jagoran ya nuna mana yadda ake gane wurin, wato inda ruwa ya yi duhu ya kwanta a tsakanin farin kumfa, wurin da baƙo zai ɗauka shi ne mafi aminci alhali shi ne mafi haɗari. Ya ware mana wuraren da za a iya shiga zuwa gwiwa, ya hana sauran, kuma bai sassauta ba ko da samarin cikinmu suka matsa. Akwai kuma amfanin da ba a gani da ido: an sha ba da labarin tare baƙi a ƙwace musu waya da kuɗi a sassan hanyar da babu mutane, musamman tsakanin ƙauyukan da masu yawon buɗe ido suka fi zuwa. Tafiya tare da ɗan gari da kowa ya san iyayensa kariya ce babba, kuma a kowane ƙauye shi ne ya gabatar da mu ga dattawa kafin mu ratsa ko mu ɗauki hoto.

Inda aikinsu ya fara rauni shi ne wajen fahimtar jikin mutumin da ya fito daga arewa. Ma'aunin zafi a wannan gaɓa yakan tsaya kusa da digiri 30, abin da ɗan Zariya da ya san watan Afrilu zai raina. Amma iskar cike take da laima, takan wuce kashi 80 cikin ɗari, alhali a Zariya lokacin hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Gumi a can ba ya bushewa, saboda haka jiki ba ya hucewa, mutum yana tafiya kamar an kife shi da madambaci. Jagororin a cikin wannan yanayi aka haife su, ba su ga abin damuwa a ciki ba, sai suka tanadi ruwan sha daidai da tasu buƙatar, kuma saurin tafiyarsu na farko ya fi ƙarfin rabin tawagarmu. Tsakanin Dixcove da Akwidaa, inda tafiyar ta fi tsawo kuma ƙauyuka suka yi nisa da juna, ruwan ya ƙare tun ba a kai ko'ina ba, har wata baiwar Allah a cikinmu ta fara jiri da ciwon kai. Kwakwar da aka sauko mana da ita ce ta taimaka. Da aka yi musu magana sun gyara nan take, sun rage sauri, sun ƙara ruwan leda, sun mayar da hutun tsakiyar rana dole. Na yaba da karɓar gyaran, amma mai karɓar kuɗin mutane ya kai su daji ya kamata ya tambayi inda suka fito da shekarunsu da lafiyarsu kafin a ɗaga ƙafa. Ba su tambaya ba. Akwatin magungunansu ma bai wuce bandeji da man zafi ba, don haka duk mai zuwa ya riƙe garin gishiri da sukari na sha, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da abin wanke rauni.

Babban aibin da na gani ya fi wannan nauyi. Cikin tsarin akwai yawo a kwalekwale a kogin Butre, ta cikin itatuwan nan da ke tsiro a ruwan gishiri saiwoyinsu a waje, wuri mai kyau ƙwarai, cike da tsuntsaye da ƙaguwa. Amma rigunan hana nitsewa da aka kawo ba su kai yawanmu ba, wasu kuma igiyoyinsu sun tsinke. Mafi yawan tawagarmu ba su iya iyo ba, kuma haka mafi yawan tawagar da za ta fito daga Zariya za ta kasance. Muka ƙi shiga sai da aka aro cikon daga wani masauki. Abin da ya dame ni shi ne mutanen da suka nuna matuƙar tsantseni a kan teku su ne suka ɗauki kogi da wasa, saboda kawai su a wurinsu ruwa ne kwantacce. Wannan magana ce ta rai, kuma shawarata ita ce a sa ta cikin sharuɗɗa a rubuce tun ana Zariya: riga ɗaya ga kowane mutum, mai lafiya, ko kuma a cire kwalekwale daga tsarin a rage kuɗinsa.

Hanyar tana ratsa tarihi mai nauyi, kuma a nan aikin jagoran rabi ya yi kyau rabi ya gaza. A kan tudun Butre akwai kangon ganuwar Batenstein da Turawan Holan suka gina a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta, wadda ta ci gaba har 1872 lokacin da Holan ta miƙa wa Birtaniya wurarenta na wannan gaɓa. A Dixcove akwai ganuwar Metal Cross ta Ingilishi, ginin ƙarshen ƙarni na 17, tsaye a saman mashigin da kwalekwalen masunta masu launi suka cika. A Akwidaa kuma akwai ragowar ganuwar Dorothea ta mutanen Brandenburg, wani yanki na Jamus ta yau, su ne kuma suka gina babbar ganuwar Princes Town a 1683, can gaba da inda tafiyarmu ta tsaya. Hukumar UNESCO ta sa ganuwoyin gaɓar Gana cikin kayan tarihin duniya a 1979. Jagoran ya san labarin mutanensa da kyau. Ya ba mu labarin Sarki Badu Bonsu na Biyu, wanda ya yi wa Holan tawaye, suka kashe shi a 1838 suka tafi da kansa ƙasarsu, aka ajiye a birnin Leiden har sai 2009 aka dawo da shi Gana, kuma ya faɗe shi da zafin zuciyar wanda abin ya shafa. Amma da aka zo kan cinikin bayi sai ya taƙaita, ya yi maganar da ya saba yi wa Turawa, ya wuce. Ga Bahaushe wannan giɓi ne, domin labarin ya taɓa mu. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, kuma kasuwar Salaga da suke sauka ta shahara da goro da bayi gaba ɗaya, mutanen arewa da yawa ta nan aka gangara da su kudu. Haka kuma sojojin Hausawa da Glover, wani hafsan Birtaniya, ya kwaso daga Legas sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma irinsu da fatake ne suka kafa tushen zangunan da ake jin Hausa a biranen Gana har yau. Duk wannan bai fito daga bakin jagoran ba. Mai son wannan ɓangare ya karanta kafin ya taso, ko ya nemi zama da dattawan zango a Takoradi.

Ta fuskar addini da abinci ba mu sha wahala ba, kuma yabon na mataimakin nan ne ɗan zango. Ƙauyukan Ahanta galibinsu Kiristoci ne, masallaci sai an nema, amma ya san gidajen Musulmi 'yan kasuwa a wasu wuraren, ya kuma tsara hutu ya dace da lokutan salla ba tare da an roƙe shi ba. Alƙibla a can tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, wato teku tana hannun daman mai salla. Alwala da ruwan teku ta halatta, kamar yadda ya zo a hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa ruwanta mai tsarkakewa ne kuma mushenta halal ne, wannan kuwa ya sa muka adana ruwan sha don sha kaɗai. Abinci kifi ne a kowane lokaci, gasasshe ko soyayye, da dokunu ko banku, wato ire-iren tuwon masara mai tsami, da yaji mai duhu da suke kira shito, da safe kuma koko da ƙosai ko shinkafa da wake. Shi ne ya riƙa shiga madafa yana tabbatar da cewa ba a haɗa mana tukunya da naman alade ko naman daji ba. A lura cewa masunta a wannan gaɓa ba sa fita kamun kifi ranar Talata bisa al'adarsu, saboda haka kifin ranar na jiya ne ko ƙyafaffe. Masaukan kuwa ɗakuna ne na katako da ciyawa, tsaf suke, da gidan sauro, amma wuta ba ta zama kuma wanka da bokiti ake yi. Mata sun samu ɗakinsu daban da makewayi mai sirri, sai dai doguwar hijabi tana kama ƙaya a cikin kurmi kuma tana yin nauyi idan ta jiƙe, matsakaiciya mara kauri ta fi dacewa.

Zangon ƙarshe shi ne ya fi kowanne kyau, kuma jagoran ya yi daidai da ya bar shi a ƙarshe. Bayan Akwidaa mutane suna raguwa, rairayin yana faɗaɗa, ana iya yin tafiya mai nisa ba a haɗu da kowa ba. A wannan gaɓa kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai, musamman daga wajen Oktoba zuwa Maris, kuma ya nuna mana sawunsu da safe, ya hana kowa taka wurin. A cikin ƙasa kaɗan akwai keɓaɓɓen kurmin Cape Three Points, ɗaya daga cikin 'yan ragowar kurmin da ya kusanci teku a Gana, gonakin roba da na kwakwar manja sun kewaye shi. Yankin yana cikin mafi samun ruwan sama a ƙasar, garin Axim da ke yamma da shi yana samun fiye da milimita 2,000 a shekara, wato ninki biyu na abin da Zariya ke samu. Jagoran bai ɓoye mana abin da ya lalace ba. Ya nuna mana kututturan kwakwa tsaye babu kai, aikin wata cuta da ta shigo yankin tun shekarun 1960 ta karya arziƙin gidaje da yawa, ya nuna mana robobi da ledojin da teku ke amayarwa har a wuraren da babu gida ko ɗaya, ya kuma yi maganar man fetur ɗin da aka gano a 2007 a rijiyar Jubilee, kimanin kilomita 60 cikin teku, aka fara haƙa a 2010, alhali hanyar mota zuwa ƙauyukansu tana nan da ramukanta. A ƙurewar tudun akwai hasumiya mai fitila ta jagorantar jiragen ruwa, wadda aka gina a 1925 kusa da kangon ta farko ta 1875. Daga samanta ruwa ne ta gefe uku, kuma wurin da layin da ya raba duniya kudu da arewa ya gitta wanda ya raba ta gabas da yamma yana can cikin teku, kimanin kilomita 570 daga nan.

Maganar kuɗi tana buƙatar a yi ta dalla-dalla. Da sidi, kuɗin Gana, ake biya, kuma tun da darajar naira ba ta zama wuri ɗaya, a nemi farashi a rubuce kwanaki kaɗan kafin tashi. Abin da suka faɗa mana na rakiya ba su ƙara ko sisi a kansa ba, amma bai haɗa da kuɗin shiga ganuwoyi da hasumiya ba, da na mai kwalekwale, da ɗan abin gaisuwa da ake ba dattawan wasu ƙauyuka, kuma ba su faɗi haka ba sai da aka isa kowane wuri. Ban ga alamar ha'inci a ciki ba, rashin tsari ne, sai dai yana iya sa guzuri ya yanke wa mutum a inda babu banki. A riƙe tsabar kuɗi daga Takoradi ko Agona Nkwanta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, domin babbar damina tana sauka daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Oktoba da Nuwamba, kuma a cikinsu koguna kan cika hanyar kurmi ta yi taɓo. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara kuma duhu yana rufewa da sauri, don haka kada a yarda da tsarin da zai kai mutum magariba a kan duwatsu. Takalmi ya zama kambas mai kama ƙasa, da sandal mai maɗauri don ƙetare ruwa, silifas ba ya aiki a nan. Tawagar da ba ta wuce mutum takwas ba ita ce jagora ɗaya da mataimakinsa za su iya sa wa ido a bakin kogi, kuma idan akwai dattijo ko mai hawan jini, a nemi a raba zangon Dixcove zuwa Akwidaa biyu, a kuma tanadi lambar mai babur da zai iya ɗauko wanda ya gaza daga ƙauye mafi kusa.